Ireniyus Na Liyon: Bishop Ɗin Da Ya Ɗora Gadon Manzanni A Kan Ma'auni

A ranar 21 ga Janairun 2022 ne Fafaroma Francis ya sanya hannu a kan takardar da ta shigar da Ireniyus, bishop na birnin Liyon, cikin sahun manyan malaman Cocin Katolika, ya kuma ba shi laƙabin Malamin Haɗin Kai. Shi ne na 37 a wannan jeri. Mutumin da aka karrama ya rasu kimanin shekara 1,820 kafin wannan rana, amma har yanzu a majami'u da jami'o'i ana yin tambayar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta: idan mutum biyu suka tashi, kowannensu yana cewa koyarwar Yesu Almasihu ce a bakinsa, alhali kuwa maganarsu ta saɓa, da me za a bambanta wanda ya gada da wanda ya ƙaga?

Yaron Samirna

An haifi Ireniyus wajen shekara ta 130 Miladiyya a yankin Asiya Ƙarama, ya kuma tashi a Samirna, birnin bakin teku da ake kira Izmir a Turkiyya ta yau. Harshen Girka ne harshensa na gida, kuma rubuce-rubucensa sun nuna ya yi karatun adabi irin na 'ya'yan birni na zamaninsa. Samirna tana cikin ikilisiyoyi bakwai da aka ambata a farkon littafin Wahayi, shugabanta kuwa a lokacin ƙuruciyar Ireniyus wani tsoho ne mai suna Polikaf, wanda aka san shi da cewa ya zauna da Yohanna da wasu mutanen da suka ga Yesu da idanunsu.

Bayan shekaru masu yawa, Ireniyus ya rubuta wa wani wanda suka san juna tun ƙuruciya, Fulorinus, wasiƙa yana tuna masa da wannan zamani. Fulorinus ya zama dattijon ikilisiya a Roma, sannan ya karkata zuwa wata koyarwa daban. A cikin wasiƙar, wadda masanin tarihin coci Yusibiyus ya adana wani ɓangarenta a ƙarni na huɗu, Ireniyus ya nuna cewa yana iya siffanta wurin da Polikaf yake zama idan zai yi wa jama'a karatu, da yadda yake shiga da fita, da kamanninsa, da yadda yake ba da labarin zamansa da Yohanna. Ya ce a zuciya ya rubuta waɗannan abubuwa tun yana yaro, kuma abin da mutum ya koya da ƙuruciya tare da shi yake girma. Ya ƙara da cewa duk abin da tsohon ya faɗa ya dace da abin da ke rubuce a littattafai masu tsarki.

Wajen shekara ta 155 hukumomin Rum suka kama Polikaf, suka nemi ya zagi Almasihu ya tsira da ransa. Ya ƙi, yana mai cewa shekara 86 ya yi yana bauta masa, aka kashe shi a filin wasa na Samirna a gaban taro. Silsilar da Ireniyus ya riƙa tinƙaho da ita ke nan har ƙarshen rayuwarsa, gajeriya mai mutum biyu tak tsakaninsa da Yesu: Polikaf, sai Yohanna.

Jinin da ya zuba a Liyon

Daga gabas Ireniyus ya ƙaura zuwa ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, ya zauna a Lugdunum, birnin da Romawa suka kafa a shekara ta 43 kafin haihuwar Almasihu a mahaɗar kogunan Ron da Son. Shi ne Liyon na yanzu. Birni ne na mulki da fatauci, kuma cikin Kiristocinsa akwai baƙi masu jin Girkanci da suka zo daga Asiya Ƙarama. A nan ya zama dattijon ikilisiya a ƙarƙashin Bishop Potinus.

A shekara ta 177, zamanin Sarki Markus Oreliyus, jama'ar gari suka tasar wa Kiristoci. Aka hana su shiga kasuwa da wuraren wanka na jama'a, sannan aka shiga kame. Potinus, wanda ya haura shekara 90, ya sha duka a gaban shari'a, ya cika a kurkuku bayan kwana biyu. Wata baiwa mai suna Bilandina da wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Pontikus suna cikin waɗanda aka azabtar a filin wasa har suka mutu. Aka ƙone gawarwakin, aka zuba tokar a kogin Ron don kada a samu abin binnewa. Ruwayar cocin ta lissafa mutum 48.

Tun suna tsare, shugabannin ikilisiyar suka aiki Ireniyus da wasiƙa zuwa ga Elutarus, bishop na Roma, suna roƙon a yi sassauci a rikicin da ya taso kan Montanus, wani mutumin Firjiya da ya yi da'awar sabon annabci. Masana tarihi da yawa suna ganin wannan tafiya ce ta tsirar da shi. Da ya dawo, shi aka ɗora a kujerar Potinus. Ya karɓi jama'ar da aka karkashe manyanta, a cikin mutanen Kelt waɗanda ya ce da harshensu yake yawan magana, har ya nemi afuwar masu karatu saboda Girkancinsa ba mai ado ba ne.

Masu da'awar ilimin ɓoye

Barazanar da ta fi damun sabon bishop ɗin daga cikin gida ta taso. A wancan lokaci babu jerin littattafan Sabon Alkawari da kowa ya amince da shi, ba a kuma taɓa yin babban taron bishop-bishop na duniya ba. Duk waɗanda suka ga Yesu sun rasu, waɗanda suka ga manzanni ma sun kusa ƙarewa. A wannan giɓi ne malamai masu fasaha suka bayyana, waɗanda daga baya aka yi musu jam'i da sunan Ginostik, daga kalmar Girkanci mai nufin ilimi.

Fitacce a cikinsu shi ne Balentinus, wanda ya yi karatu a Iskandariya ta Masar ya zo Roma wajen shekara ta 140. Almajiransa sun koyar da cewa Allah Maɗaukaki yana can nesa, ba a san shi ba, kuma daga gare shi aka samu wasu halittun ruhi guda 30. Ta ƙarshensu, wadda suka kira Hikima, ta yi kuskure, daga wannan kuskure ne aka samu wani ƙaramin mahalicci wanda ya yi duniyar da ake gani. A wurinsu ceto shi ne mutum ya gane ƙyallin ruhin da ke cikinsa ya kuɓuta daga jiki. A gefe guda kuma akwai Markiyon, wani mai jiragen ruwa daga Sinof, wanda ikilisiyar Roma ta rabu da shi a shekara ta 144. Shi ya yi watsi da Tsohon Alkawari baki ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya rage wa wasu sassa tare da wasiƙun Bulus guda goma. A kwarin Ron ma, ƙasar Ireniyus, mabiyan wani mai suna Markus suna jan mutane, musamman mata masu hali.

Su ma waɗannan malamai da gado suke kafa hujja. Kilemen na Iskandariya ya ruwaito cewa mabiyan Balentinus suna cewa malaminsu ya karɓa daga wani Tudas, almajirin Bulus, mabiyan Basilidis kuma suna jingina nasu ga wani Gilaukiyas, tafintan Bitrus. Da'awarsu ita ce Yesu ya yi wa jama'a magana da misalai, ya keɓe wasu zaɓaɓɓu ya raɗa musu ainihin gaskiyar, ita ce kuma ta gangaro zuwa gare su a ɓoye. Saboda haka cewa kawai an gada daga manzanni bai isa ya raba gardama ba, tunda kowane ɓangare haka yake faɗa.

Ma'aunin Ireniyus

Wajen shekara ta 180 Ireniyus ya fara babban aikinsa da Girkanci, juzu'i biyar, wanda cikakken sunansa yake nufin tona asirin ilimin ƙarya da rushe shi, aka fi saninsa da gajeren suna na Raddi Ga Bidi'o'i. Kafin ya yi raddin sai da ya karanta littattafan abokan hamayyarsa, ya kuma zauna da wasunsu. Juzu'i na farko kusan duka bayanin koyarwarsu ne dalla-dalla, domin a ganinsa fito da abin da ake ɓoyewa fili rabin nasara ne.

Ya lura da wata dabara tasu: idan aka kawo musu nassi sai su ce gaskiya ba a rubuce ta zo ba, da baki ta zo, idan kuma aka kawo musu abin da dattawan ikilisiya suka karɓa da baki, sai su ce sun fi dattawan da manzannin sani. Don rufe wannan ƙofa ya shimfiɗa sharuɗɗan da za a gane amintaccen gado. Kalmar da ake amfani da ita a Girkanci, paradosis, ma'anarta miƙa abu hannu da hannu, kamar yadda ake miƙa ajiya.

Sharaɗi na farko shi ne koyarwar ta kasance a fili. Hujjarsa mai sauƙi ce: da manzanni suna da wani sirri, waɗanda za su fara danƙa wa su ne mutanen da suka bar wa amanar ikilisiyoyi. Abin da ake karantarwa a gaban kowa, talaka da mai ilimi, ana iya bincikensa, a kuma ƙaryata mai ƙari a kansa. Abin da aka ce an raɗa wa mutum ɗaya a ɗaki ba shi da shaida sai mai faɗarsa.

Na biyu shi ne a san sunayen masu miƙawa. Ya ce zai iya lissafa shugabannin kowace tsohuwar ikilisiya, amma don gudun tsawaitawa ya ɗauki Roma misali. Ya fara da Linus, wanda ya ce Bitrus da Bulus ne suka danƙa wa aikin, sai Anakiletus, Kilemen, Ebaristus, Iskandar, Sistus, Telesforus, Hijinus, Piyus, Anisetus, Soter, har zuwa Elutarus, na goma sha biyu, wanda yake kan kujera lokacin da ake rubutun. Ya haɗa da Samirna ta Polikaf da Afisa, inda ya ce Yohanna ya zauna har zamanin Sarki Tarajan. Balentinus da Markiyon kuwa, in ji shi, an san zamanin da kowannensu ya yi a Roma da bishop ɗin da ke kan kujera a lokacin, kuma kafin zuwansu ba a ji koyarwarsu ba.

Na uku shi ne daidaito tsakanin wurare masu nisa da juna. Ya ambaci ikilisiyoyin Jamus, da Sifaniya, da ƙasar Kelt, da gabas, da Masar, da Libiya, ya nuna cewa harsunansu sun bambanta amma abin da suke furtawa a lokacin baftisma ɗaya ne: Allah ɗaya mahaliccin sama da ƙasa, da Yesu Almasihu wanda ya zama mutum, ya sha wahala, ya tashi daga matattu, zai kuma dawo, da Ruhu Mai Tsarki wanda ya yi magana ta bakin annabawa. Wannan taƙaitaccen bayani ya kira ƙa'idar gaskiya. Ya kawo misalin ƙabilun da ba su da takarda ko tawada amma suka riƙe wannan ƙa'ida, har za su toshe kunnuwansu idan aka zo musu da wata daban.

Na huɗu shi ne gado da rubutu su gaskata juna. A fahimtarsa, abin da manzanni suka fara shela da baki shi ne daga baya suka bari a rubuce. Gado ba wani ƙarin ilimi ba ne a bayan littafi. Shi ne yake nuna yadda sassan littafin suke haɗuwa. Ya buga misali da hoton sarki da gwanin mai sana'a ya tsara da duwatsu masu daraja, wani ya zo ya wargaza duwatsun ya sake jera su da siffar kare ko dila, yana cewa ai duwatsun sarki ne. Duwatsun kam na sarki ne, amma wanda ya san fuskar sarki ba zai ruɗu ba.

A kan haka ne ya zama marubuci na farko da aka sani ya tsaya kai da fata cewa Bishara huɗu ce, ta Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, ba ƙari ba ragi. Ya kwatanta su da kusurwoyin duniya huɗu da manyan iskoki huɗu, kwatancin da ba ya gamsar da mai karatu na yau, amma yana nuna cewa a zamaninsa waɗannan huɗun sun riga sun kafu a ikilisiyoyin da ya sani. Ya kafa hujja da mafi yawan littattafan da suka zama Sabon Alkawari. Yana da kula da sahihancin kwafi ƙwarai. Da ya ga wasu kwafe na littafin Wahayi suna ɗauke da lamba 616 a maimakon 666, sai ya koma ga tsofaffin kwafe da shaidar waɗanda suka ga Yohanna, ya yanke cewa kuskuren magatakarda ne. A ƙarshen wani littafinsa kuma ya gama duk mai kwafa da Allah cewa ya gwada abin da ya rubuta da asalin, ya gyara shi da kyau.

Inda ruwaya ta yi tuntuɓe

Ireniyus bai tsira daga kuskure ba, kuma kurakuransa suna cikin abubuwan da masana suka fi nazari, domin suna nuna iyakar abin da ruwayar baki za ta iya ɗauka. Mafi shahara shi ne batun shekarun Yesu. Mabiyan Balentinus suna cewa Yesu ya yi wa'azi shekara ɗaya ya rasu yana ɗan shekara 30, adadin da ya dace da halittunsu na ruhi 30. Don ya karya wannan lissafi, Ireniyus ya ce Yesu ya haura 40 yana tunkarar 50, ya kafa hujja da wata aya ta Bisharar Yohanna, ya kuma ƙara da cewa dattawan Asiya da suka zauna da Yohanna sun shaida hakan. A wani littafin ma ya sanya gicciyewar a zamanin Sarki Kalaudiyus. Amma Bilatus ya yi gwamnan Yahudiya ne daga shekara ta 26 zuwa ta 36, Kalaudiyus kuwa bai hau mulki ba sai a ta 41. Coci ba ta bi shi a wannan ra'ayi ba.

Haka nan ya karɓi ruwayar Papiyas, bishop na Hirafolis, game da mulkin Almasihu a bayan ƙasa, inda kowace kurangar inabi za ta yi rassa 10,000, ya kuma ɗauki Papiyas a matsayin wanda ya ji daga manzo Yohanna. Yusibiyus, wanda ya karanta littafin Papiyas da kansa, ya ce mutumin Yohanna biyu ya ambata, manzo da wani dattijo, kuma daga na biyun ya ji. Tun daga nan wasu masana suke tambaya ko irin wannan ruɗani bai shafi Yohannan da Polikaf ya sani ba, wasu kuma suna kare shaidar Ireniyus da cewa mutum ne da ya ji da kunnensa.

Jerin bishop-bishop na Roma ma ya sha bincike. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta nuna akwai Kiristoci a birnin kafin ya taka shi. Masana tarihi da dama suna ganin ƙungiyar dattawa ce take jagorancin ikilisiyar Roma har zuwa tsakiyar ƙarni na biyu, sunayen farkon jerin kuma na fitattun dattawa ne da aka tsara daga baya bisa tsarin bishop guda. A 1934 masanin Jamus Walter Bauer ya ƙara gaba, ya ce a wasu yankuna kamar Masar da Edessa koyarwar da aka kira bidi'a ce ta riga isa, ra'ayin da har yau ake jayayya a kansa.

Idan aka auna waɗannan kurakurai da sharuɗɗan da shi kansa ya gindaya, za a ga inda ya kuskure a batun shekarun Yesu da na kurangar inabi shi ne inda ya jingina da ruwayar 'yan mutane kaɗan na yanki ɗaya, yana kuma cikin zafin jayayya. Abin da ya ce ikilisiyoyi masu nisa suna furtawa a fili kuwa ya samu shaidu masu zaman kansu, domin kusan irin wannan ƙa'ida ce Tatuliyan ya rubuta a Kartaj ta Arewacin Afirka wajen shekara ta 200, Orijin kuma ya kawo makamanciyarta a Iskandariya bayan 'yan shekaru.

Rikicin Ista

Wajen shekara ta 190 aka samu saɓanin da ya gwada ma'aunin ta wata fuska. Ikilisiyoyin Asiya Ƙarama suna kammala azumi su yi bikin Ista a ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ce ta mako. Roma da yawancin sauran wurare sai ranar Lahadi. Bikto, bishop na Roma, ya nemi kowa ya bi Lahadi. Polikaratis na Afisa ya ƙi, ya lissafa manzanni Filibus da Yohanna, da Polikaf, da danginsa bakwai da suka yi bishop kafin shi, ya ce duk a ranar 14 suka yi. Bikto ya yi yunƙurin yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya gaba ɗaya.

Ga gado biyu, kowanne a fili yake, kowanne da silsilarsa, sun yi karo. Ireniyus, wanda shi kansa Lahadi yake bi a Gol, ya rubuta wa Bikto yana jan hankalinsa. Ya tuna masa cewa Polikaf ya taɓa zuwa Roma zamanin Anisetus, suka tattauna wannan batu, babu wanda ya rinjayi wani, amma Anisetus ya ba baƙon nasa girma ya bar shi ya jagoranci jibin Ubangiji, suka rabu lafiya. Ya nuna cewa bambancin azumi tsoho ne, kuma zamansa tare da zumunci yana ƙara tabbatar da cewa bangaskiyar ɗaya ce. Da wannan ya raba tsakanin ginshiƙin bangaskiya, wanda bai yarda a taɓa ba, da al'adar ibada, wadda tsufanta bai sa ta zama dole a kan kowa ba. Yusibiyus ya lura cewa halinsa ya dace da sunansa, wanda ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin salama. Batun ranar Ista kuwa ya ci gaba har taron Nikiya na shekara ta 325.

Rasuwarsa da abin da ƙasa ta mayar

Ireniyus ya rasu wajen shekara ta 202. Marubutan baya, kamar Jerom da Giregori na Tur, sun kira shi shahidi. An binne shi a Liyon a ƙarƙashin majami'ar da daga baya aka sa wa sunansa, kuma a 1562, lokacin yaƙe-yaƙen addini na Faransa, mayaƙan Furotesta suka lalata kabarin. Cocin yamma tana tunawa da shi ranar 28 ga Yuni, ta gabas kuma ranar 23 ga Agusta.

Asalin Girkancin babban littafinsa ya ɓace sai gutsattsari. Abin da ya iso cikakke tsohuwar fassarar Latin ce, wadda Erasmus ya buga a Basel a 1526, sai juzu'i na huɗu da na biyar da aka samu da harshen Armeniya. Masu tonon tarihi sun gano wani guntun takardar littafin a Oksirinkus ta Masar, wanda aka ƙiyasta an rubuta wajen shekara ta 200, alamar cewa aikin ya ƙetare Bahar Rum cikin shekaru kaɗan da wallafa shi. A 1904 kuma aka gano fassarar Armeniya ta wani ƙaramin littafinsa a Yereban, wanda ya rubuta wa wani Markiyanus don bayyana wa'azin manzanni a taƙaice, aka buga shi a 1907.

Gwaji mafi girma ya zo a watan Disambar 1945, lokacin da wasu manoma suka tono tulu kusa da Nag Hammadi a kudancin Masar, ɗauke da kundaye 13 na harshen Kibɗawa masu ƙunshe da rubuce-rubuce 52. A karon farko aka samu damar karanta yawancin maganar abokan hamayyarsa daga bakinsu. Ɗaya daga cikin littattafan, wanda aka jingina wa Yohanna, ya dace sosai da wani babi na juzu'in farko na Ireniyus. Bisharar Yahuda ma, wadda ya ambata da suna, an wallafa kwafinta na Kibɗanci a 2006. Hukuncin masana da yawa shi ne bayanin da ya yi na tsarin koyarwarsu ya fi yadda ake zato inganci, ko da yake ya yi musu ba'a, ya kuma haɗa ƙungiyoyi mabambanta a kwando ɗaya.

Gadon da ake ja

A ƙarni na 16, da gardama ta ɓarke tsakanin Katolika da Furotesta kan matsayin nassi da gado, kowane ɓangare ya nemi mafaka a wurinsa. Furotesta sun riƙe maganarsa cewa littattafan manzanni su ne tushe da ginshiƙin bangaskiya. Katolika sun riƙe jerin bishop-bishop da wata jimla tasa game da fifikon ikilisiyar Roma, jimlar da ta tsira a Latin kawai, ake kuma saɓani kan fassararta. Taron Tirent ya yanke a ranar 8 ga Afrilun 1546 cewa ana karɓar littattafai masu tsarki da gadon manzanni da girmamawa iri ɗaya. Takardar da taron Batikan na Biyu ya fitar kan wahayi a ranar 18 ga Nuwamban 1965 ta kafa hujja da Ireniyus, ta bayyana nassi da gado a matsayin masu gudana daga maɓuɓɓuga ɗaya. Cocin Otodoks ta gabas tana ƙirga shi cikin iyayenta, ɗarikun Angilika da Lutaran ma sun sa shi a kalandarsu.

Ireniyus ya rayu kafin waɗannan rabe-rabe, a lokacin da babban abin tsoro shi ne wani ya zo da sirrin da babu mai iya bincikawa ya ce daga Yesu yake. Tambayoyin da ya koya wa ƙaramar ikilisiyarsa ta bakin kogin Ron ta riƙa yi wa duk mai da'awar gado su ne: wa ya ba ka, a gaban wa aka faɗa, su wane ne kuma suka ji irinsa a wani gari, kuma ya dace da abin da aka rubuta? Da waɗannan tambayoyi ne masana na baya suka auna ruwayoyinsa shi ma, suka karɓi wasu, suka ajiye wasu.